Sharhi: Ƙera Jirgin Sama a Gida da Amanar Wayar Lantarki

Daga lokaci zuwa lokaci kafofin watsa labarai na ƙasar nan kan kawo labarin wani matashi da ya tattara tarkacen ƙarafa da injin mota ko na babur, ya haɗa abin da ya kira jirgin sama a bayan gidansu. Idan irin wannan labari ya ɓulla, jama'a kan rabu gida biyu. Wasu su yi masa dariya su ce ya rasa aikin yi, wasu kuma su ɗauki sowa su ce a share masa fili ya tashi kowa ya gani. Duka ɓangarorin biyu sun bar tambayar da ta fi muhimmanci, wato yadda aka haɗa ƙananan sassan jirgin, da kuma wanda ya duba aikin kafin a ɗora ran ɗan Adam a kansa.

Wannan magana ta shafi al'ummar Marnona da sauran ƙasar Wurno, da maƙwabtansu na Rabah da Goronyo, fiye da yadda za a yi zato. Noman rani da ake yi a fadamun Rima, musamman tun bayan kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, ya sa injin ban ruwa ya zama abokin zaman manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Inda inji ya yawaita kuwa, dole makanikai da masu walda da masu gyaran waya su yawaita. A yau waɗannan matasa na riƙe da wayar hannu, suna kallon yadda ake ƙera kowane irin abu a intanet, har da jiragen sama masu matuƙi da marasa matuƙi. Saboda haka ya dace uwayen ƙasa da hakimai da jami'an ƙananan hukumomi su san matsayin da za su ɗauka tun kafin wani haziƙin yaro ya zo musu da buƙatar a ba shi filin makaranta ya gwada abin da ya ƙera.

Abin da tarihi ya nuna

Idan dai ba a manta ba, a 2007 sunan wani ɗalibin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya zagaya duniya bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic da kujerun tsohuwar mota da sauran ƙarafan da ya tsinto. Rahotannin wancan lokaci sun nuna jirgin ya ɗaga daga ƙasa, amma bai wuce tsayin ƙafa 7 ba, kuma ba shi da wasu na'urorin awo da matuƙi ke dogara da su, kamar na sanin nisan jirgi daga ƙasa. Wannan ƙoƙari ya tabbatar da cewa basira ba ta ƙaranta ba a arewacin ƙasar nan. Ya kuma nuna iyakar inda basira kan tsaya idan babu makaranta da kayan aiki da mai dubawa.

Akwai wani misali da ya girme shi, wanda mutane da yawa ba su sani ba. A Kaduna, kamfanin AIEP ya ɗauki tsarin wani ƙaramin jirgi mai suna RV-6A, na kamfanin Van's da ke jihar Oregon ta Amurka, ya yi masa gyare-gyare ya sa masa suna Air Beetle. Samfurin farko ya tashi a 1989, kuma Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta yi odar guda 60 domin koyar da sababbin matuƙa. Abin lura a nan shi ne, asalin wannan jirgi irin wanda mutane ke saye ne gunduwa-gunduwa su harhaɗa a garejin gidajensu a Amurka da Turai. Ke nan jirgin da aka tsara domin haɗin gida ya yi shekaru yana horar da sojojin ƙasar nan, kafin a sayo jiragen Super Mushshak guda 10 daga Pakistan bisa yarjejeniyar 2016.

Me ya bambanta aikin Kaduna da na bayan gida? Ƙarfe dai ƙarfe ne, hannun da ya yi aikin ma na ɗan Nijeriya ne. Bambancin yana cikin zane da aka bi, da ingancin kowace ƙusa da kowace waya, da rubuta duk abin da aka yi a littafi, da kuma sa hannun wani masani wanda ba shi ya yi aikin ba. Domin a fahimci wannan sosai, bari mu ɗauki sashe guda ɗaya tak na ƙaramin jirgi mu duba.

Leɓen fiffike da aikinsa

A gefen baya na kowane fiffiken jirgi, daga wajen gangar jiki, akwai wani falle mai motsi da ke lanƙwasawa ƙasa, wanda za mu kira leɓen fiffike. Idan matuƙi ya sauke shi, fiffiken kan ƙara samun ƙarfin ɗaukar jirgin ko da gudu ya ragu, sannan iska kan ƙara riƙe jirgin ta rage masa sauri. Wannan ne ke ba jirgi damar sauka a hankali a kan gajeren fili. A ƙananan jirage irin na RV, leɓen kan sauka har kimanin digiri 40.

Hanyoyi biyu ake bi wajen motsa shi a irin waɗannan jirage. Ta farko ita ce sandar hannu da ke tsakanin kujeru, mai kama da birkin hannu na mota. Ta biyu kuma ƙaramin injin lantarki ne mai aiki da batir na bolt 12, wanda ke juya wani dogon ƙarfe mai zare, ƙarfen ya tura leɓen ƙasa ko ya jawo shi sama. Injin na juyawa gaba ko baya gwargwadon yadda makunni ya juya masa kan wuta. A ido abu ne mai sauƙi, domin duk mai gyaran wayar mota da ya taɓa gyara gilashin ƙofa mai lantarki ya san irinsa. A nan ne haɗarin yake, don kuwa masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gilashin mota in ya maƙale, sai a tsaya a gefen hanya a gyara. Wanda ke sama ba shi da gefen hanya.

Inda waya kan ci amana

Matsala ta farko ita ce irin wayar da kanta. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya a ciki ba ta jure girgizar inji, takan karye a cikin rigarta ba tare da an gani ba. Wayar kasuwa mai rigar roba kuma, idan ta ɗauki zafi takan narke ta fitar da hayaƙi mai guba, kuma a cikin ɗan ƙaramin ɗakin matuƙi hayaƙin kaɗai ya isa ya makantar da mutum ya shaƙe shi. Wayar jirgin sama siraran zaruruwan tagulla ne masu yawa da aka shafe da kuza, rigarta kuma na jure zafin digiri 150 a ma'aunin Salshiyas. Ga kuma wata annoba da masu sana'ar waya suka sani, wato wayar jabu wadda cikinta sanholo ne aka yi masa fentin tagulla.

Matsala ta biyu ita ce fis, ko makatsin wuta. Mutane da yawa na zaton an sa fis ne domin kare inji. Ainihin aikinsa shi ne kare waya, ya yanke wuta kafin wayar ta yi zafin da za ta kama. Shi ya sa kowace kaurin waya ke da nata awon. Littafin ƙa'idojin gyaran jirage na hukumar sufurin sama ta Amurka ya nuna waya mai lamba 22 makatsin amfiya 5 take ɗauka, mai lamba 20 amfiya 7.5, mai lamba 18 kuwa amfiya 10. Al'adar nan da ta zama ruwan dare a garejojinmu, ta maye gurbin fis da ya ƙone da guntun waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari, tana mai da wayar kanta ta zama fis. A mota wannan kan jawo gobara, a jirgi kuma gobarar ba ta da mafita.

Matsala ta uku ita ce mahaɗa. Murɗa kan waya biyu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne a aikin jirgi. Ana matse kowane kai ne da ƙarfen matsi na musamman, a ja shi da hannu a tabbatar bai zame ba. Liƙi da dalma ma, idan ba a tallafi wayar ba, yakan sa ta sandare ta karye daidai inda dalmar ta ƙare. Duk inda waya za ta ratsa huji a jikin ƙarfe sai an sa mata zoben roba, a kuma ɗaure ta nesa da bututun mai da igiyoyin sarrafa jirgi, saboda gogayya ta wata da watanni takan cinye riga har tartsatsi ya tashi.

Matsala ta huɗu ita ce makunni da tsarinsa. Idan aka juya kan waya biyu, matuƙi zai danna sama leɓe ya yi ƙasa. Idan aka sa makunni biyu, ɗaya wajen matuƙi ɗaya wajen na kusa da shi, ba tare da na'urar da ke raba umarninsu ba, ranar da aka danna su gaba da juna wayoyin za su haɗe. Ana kuma sa ƙananan makunnai a ƙarshen tafiyar leɓen domin su tsayar da injin idan ya kai iyaka. Idan ɗaya daga cikin na'urorin ya maƙale, injin zai ci gaba da tura leɓe ba da umarnin kowa ba. Don haka ne ake son makatsin wutar leɓe ya zama wanda matuƙi zai iya finciko shi da hannu, a inda hannunsa ke kaiwa, kuma da suna rubuce a kansa.

Bugu da ƙari, akwai abin da ba waya ba ne amma yana tafiya tare da ita. Wajibi ne leɓunan biyu, na dama da na hagu, su kasance a kan bututun ƙarfe guda da ke motsa su tare. Idan ɗaya ya sauka ɗaya ya ƙi, jirgin zai mirgina gefe, kuma kusa da ƙasa babu lokacin gyara. Shi kansa kamfanin Van's, duk da gogewarsa, a 2007 ya fitar da sanarwa ga masu jiragensa cewa su huda kan ƙarfen injin leɓe su ɗaure shi da wayar tsaro, saboda an gano noti guda na iya kwancewa a hankali har leɓen ya rabu da injinsa. Noti guda ke nan, a jirgin da dubban mutane suka riga suka ƙera.

Yanayin ƙasarmu ya ƙara wa lamarin nauyi. A watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Sakkwato kan haura digiri 40, kuma iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike da inji duka kan rage ƙarfi. Matuƙin da ya sauke leɓe gaba ɗaya, sai dabbobi suka shigo masa fili ya zama dole ya sake tashi, idan injin leɓen ya ƙi jawo shi sama, jirgin zai yi ta jan ciki ya kasa haurawa. Akasin haka ma haɗari ne, domin leɓen da ya koma sama farat ɗaya kusa da ƙasa yakan sa jirgi ya zube. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga makunni da mahaɗa ta hana wuta wucewa. Saboda waɗannan dalilai ne masana da dama ke ganin sandar hannu ta fi dacewa da mai ƙera jirginsa na farko, tun da ba ta buƙatar batir, kuma hannu na jin matsayinta ba sai an duba allo ba.

Darasi daga manyan jirage

Kada a ɗauka wannan matsala ta ƙananan jirage ce kawai. A ranar 16 ga Agusta 1987, jirgin kamfanin Northwest ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Ditroyit ta Amurka, mutum 156 suka rasu. Bincike ya gano matuƙan ba su sauke leɓen fiffike ba kafin tashi, kuma ƙararrawar da ya kamata ta gargaɗe su ba ta samu wutar lantarki ba. Bayan shekara 21, a ranar 20 ga Agusta 2008, kusan irin haka ta faru da jirgin Spanair a Madrid ta ƙasar Sifen, mutum 154 suka rasa rayukansu. A duka biyun mantuwar ɗan Adam ce ta haɗu da shirun na'urar lantarki. A 1998 kuma gobarar da ake alaƙantawa da tartsatsin waya ta jefa jirgin Swissair cikin teku kusa da Kanada da mutum 229.

Mutanen jihar Sakkwato ba sa buƙatar a yi musu bayanin ɗacin haɗarin jirgin sama. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙan su da rahama. Sanadin wannan haɗari mummunar iska ce da tashi cikin yanayi marar kyau, bai shafi waya ba. Amma darasinsa ɗaya ne da na sauran, wato ƙa'idar da aka tsallake a ƙasa a sama ake biyan kuɗinta.

A Amurka, inda ƙera jirgi a gida ya zama halastacciyar sana'ar sha'awa, hukumar binciken haɗurran sufuri ta fitar da nazari a 2012 wanda ya nuna irin waɗannan jirage kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma su ke da kimanin kashi 21 cikin 100 na haɗurran da aka yi asarar rai a 2011. Wannan kuwa a ƙasar da sai jami'i ya duba jirgi kafin ya tashi, sannan a keɓe masa yanki marar cunkoson jama'a ya yi gwajin awa 25 ko 40 ba tare da fasinja ba. Idan haka lamarin yake inda ake da waɗannan matakai, mai hankali ya auna yadda zai kasance inda babu ko ɗaya.

Matsayin doka

Tsarin mulkin 1999 ya sanya harkar sufurin sama cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, ita ke yi wa jirgi rajista, ta tabbatar da lafiyarsa, ta ba matuƙi lasisi, a ƙarƙashin dokar sufurin sama ta 2022. Ma'anar wannan ita ce, shugaban ƙaramar hukuma ko kansila ko uban ƙasa ba shi da hurumin ba wani izinin tashi da jirgi, ko da filin nasa ne. Har jirage marasa matuƙi ma, tun 2016 hukumar ta sanar cewa ba a tashinsu sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.

Ga gabashin Sakkwato kuma akwai ƙarin dalili. Yanki ne da ya sha fama da 'yan bindiga, jami'an tsaro na aiki a cikinsa ta ƙasa da ta sama. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta taɓa haramta shawagin jirage a sararin maƙwabciyarmu jihar Zamfara saboda tsaro. A irin wannan hali, duk abin da ya tashi sama ba da sanin hukuma ba yana iya jawo wa mai shi da garinsu fitinar da ba su yi zato ba.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, kada a kashe wa matashi gwiwa. Wanda ya iya haɗa gangar jirgi da ƙarafan bola ya cancanci a kai sunansa gaba. Kwalejin Fasahar Sufurin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyaran jirage. Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama na nan a Kaduna, garin da aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi ƙirar gida mai suna Tsaigumi a watan Fabrairun 2018. A nan gida akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, inda za a aza harsashin ilimin lantarki da na injuna. Ƙaramar hukumar da ta ɗauki nauyin karatun yaro guda a ɗaya daga cikin waɗannan wurare ta yi masa gatan da ya fi tara masa 'yan kallo.

Na biyu, kada a yarda da gwajin tashi a filin makaranta ko na idi ko kusa da kasuwa, kuma kada a tara yara kusa da farfela mai juyawa. Idan labarin irin wannan aiki ya iso ga hakimi, ya sanar da uban ƙasa da ƙaramar hukuma da jami'an tsaro, a rubuta wa hukumar NCAA, a jira amsarta. Nuna abin da aka ƙera a ƙasa, injinsa a kashe, ba laifi ba ne, kuma ya isa a gane gwanintar mai shi.

Na uku, ƙungiyoyin makanikai da masu gyaran waya su ɗauki wannan darasi zuwa aikinsu na yau da kullum. Ƙa'idojin da aka zayyana a sama, wato waya daidai da nauyin wuta, fis daidai da waya, mahaɗa mai ƙarfi, da barin wani ya duba aikin da ka gama, su ne dai ke kare gida mai wutar sola da shagon cajin waya da famfon burtsatse daga gobara. Yaron da ya saba da su a kan babur da injin ban ruwa, shi ne gobe za a iya damƙa wa fiffiken jirgi, domin tun ran gini ake zane.

Daga ƙarshe, muna kira ga iyaye da malamai da shugabannin al'umma na Wurno da Rabah da Goronyo da su riƙa jawo haziƙan yaransu a jiki, su saurare su, su kuma nuna musu cewa bin ƙa'ida wani sashe ne na gwaninta. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya albarkaci basirar matasanmu, ya kare rayukan al'umma, ya dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa a jihar Sakkwato da ƙasa baki ɗaya, amin.